Wanda Ya Kai Ƙara Gaban Allah Ba Ya Ɗaukar Adda

'Ya'yana, samari da 'yan mata na ikilisiya,

Akwai tambayar da kuke yawan yi mana, mu masu furfura. Wani lokaci a fili kuke yin ta a taron zumuntar matasa, wani lokaci kuma a idanunku muke ganin ta bayan an dawo daga maƙabarta: wai har yaushe za a yi ta ce mana mu yi haƙuri? Na san maganar da ke yawo a tsakaninku, cewa an mari kuncin dama mun juya na hagu, an mari na hagun, yanzu babu kunci na uku. Maganar ta girmi da yawanku. Waɗanda suka fara faɗin ta sun binne iyaye da 'ya'ya, sun tsaya a kan tokar majami'ar da suka gina da guminsu, saboda haka ba zan yi wa kowa tsawa don ya maimaita ta ba. Sai dai ina da amsa. Salamar da Kirista yake nema, ta zuciya ce, ta gida ce ko ta gari, tana farawa ne ranar da ya sauke nufin kansa ya miƙa wuya ga nufin Allah. Taron sulhu yana da amfani, haka sa hannu a takarda, haka soja a bakin titi, amma idan zukata ba su rusuna wa Allah ba, duk waɗannan jinkirta faɗa kawai suke yi.

Mu fara da inda faɗa yake kwana. Yakubu, a sura ta huɗu ta wasiƙarsa, ya bi sawun gaba da yaƙi har ƙofar ɗakinsu, sai ya tarar a ƙirjin mutum suke. Mutum yana son abu bai samu ba, ya ga wani ya samu, hassada ta tsiro, ta haifi gaba, gaba ta haifi kisa. Maganin da ya bayar shi ne a miƙa kai ga Allah tukuna, sa'an nan a iya tsayayya da Iblis. Jinin farko da aka zubar a duniya ma, tsakanin 'yan ɗaki ɗaya aka zubar da shi, kuma bayan an tashi daga wurin miƙa baiko. Kayinu da Habila ƙabilarsu ɗaya, harshensu ɗaya, ba su yi takarar zaɓe ba, ba su yi rigimar filin kasuwa ba. Allah ya karɓi baikon ɗaya bai karɓi na ɗayan ba, ya kuma gargaɗi Kayinu tun fushin yana fuska bai sauko hannu ba. Kayinu ya ƙi yarda da hukuncin Allah, da yake kuma hannunsa ba ya kaiwa sama, sai ya sauke shi a kan ƙanensa. Haka abin yake har gobe: wanda yake rigima da Allah a ɓoye, maƙwabcinsa ne ke shan dukan a fili.

Babu inda ya kai Gatsemani koyar da wannan darasi. Ku tuna yadda daren ya kasance. An gama cin jibi, Yesu ya haye rafin Kidron da almajiransa, ya shiga lambun da ke gindin Dutsen Zaitun. Ya ja Bitrus da Yakubu da Yohanna ya matsa da su ciki, ya gaya musu irin nauyin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Sa'an nan ya ƙara gaba kaɗan ya faɗi rub da ciki. Sau uku yana komawa da roƙo iri ɗaya, cewa in da hali a ɗauke masa ƙoƙon wahalar nan, kowane karo kuma yana rufewa da barin magana ta ƙarshe a hannun Uba. Luka ya ba da labarin gumin da ke ɗiga daga jikinsa kamar jini. Su kuwa ukun nan, duk sa'ad da ya waiwayo sai ya same su suna barci.

Can sai ga taro da fitilu da takuba da kulake, Yahuza a gaba. Nan aka ga bambancin wanda ya yi addu'a da wanda ya yi barci. Bitrus ya zabura ya zare takobi, ya sare kunnen dama na wani bawan babban firist mai suna Malkus. Malkus ɗan aike ne, ba shi ya yanke hukuncin kama Yesu ba, amma dama takobin mai fushi bai cika samun mai laifin ba. Yesu ya umarci Bitrus ya mayar da takobin kube, ya miƙa hannu ya taɓa kunnen ya warke. Warkarwa ta ƙarshe da aka rubuta ya yi kafin gicciye, wanda ya zo kama shi ya yi wa ita. Kafin zakara ya yi cara kuma, jarumin takobin nan ya yi musun Ubangijinsa sau uku, farkon wadda ta firgita shi baiwa ce mai tsaron ƙofa. Fushin da ya zare takobi da tsoron da ya yi musu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, dukansu daga zuciyar da ba ta riga ta miƙa kanta ba suka fito. Yesu kuwa, da ya gama kokawarsa a durƙushe, ya tsaya gaban majalisa da gaban Bilatus muryarsa ba ta rawa.

Ku lura, miƙa kai ga Allah bai hana kuka ba, bai kuma hana roƙon mafita ba. Idan wani ya ce muku mai bi na gaskiya ba ya zubar da hawaye, ku tura shi Betanya ya ga wanda ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru. Ku buɗe Zabura ta 13 ko ta 88, ku karanta Ayuba da Habakuk, za ku tarar da bayin Allah suna kai masa ƙorafi da kalmomin da ko a gaban dagaci ba kowa zai iya furtawa ba. Allah bai kore su ba, ya ma sa an adana maganganunsu a Littafinsa. Su sun kai zafin zuciyarsu wurin Allah, Kayinu kuwa ya kai nasa gona tare da ƙanensa.

Kada kuma kowa ya ruɗe ku da cewa miƙa kai ga Allah shi ne miƙa wuya ga kowane azzalumi. Akwai masu sakin "haka Allah ya so" a inda bai dace ba. An cinye kuɗin magani mace ta mutu wurin haihuwa, haka Allah ya so. Miji yana jibgar matarsa, a ce ta koma ta yi shiru, nufin Allah ne. Wannan ɗora wa Allah laifin mutane ne. Nufinsa ba a ɓoye yake ba, annabi Mika ya tattara shi a sura ta shida: adalci, jinƙai da tawali'u. Yesu da kansa, da dogari ya mare shi a gaban Hanana, ya nemi ya faɗi laifin da ya yi. Bulus, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba alhali yana da 'yancin ɗan ƙasar Roma, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai da mahukuntan suka zo da ƙafarsu suka ba da haƙuri. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Don haka ku tsare ƙofar majami'a, ku kai rahoto ga jami'an tsaro, ku shigar da ƙara, ku yanki katin zaɓe, ku faɗa wa mai mulki gaskiya yadda Natan ya faɗa wa Dawuda. Ikilisiyoyi sun sha bamban a kan iyakar kare kai, wasu sun ƙi makami ɗungurungum, wasu sun yarda a tare mahari daga shiga gida. Amma babu wadda Littafi ya ba ta izinin bin marar laifi ta kashe don an kashe nata.

Babban abin da ake miƙawa shi ne haƙƙin ramuwa. Bulus ya rubuta wa masu bi na birnin Roma wajen shekara ta 57, a sura ta 12 ya umarce su su bar wa Allah sakayya, su kuma ciyar da maƙiyi idan yunwa ta kama shi. Ba su daɗe ba suka ga jarrabawar maganar, domin a shekara ta 64 sarki Nero ya ɗora musu laifin gobarar birnin ya yi musu kisan gilla. Ku ɗauki misalin wanda ya kai ƙara gaban alƙali. Ya biya kuɗin sammaci, ya kawo shaidu, an sa ranar zama. Idan ya bi dare ya cinna wa gidan wanda yake ƙara wuta, ya gaya wa alƙalin ke nan bai yarda da shi ba, kuma da safe shi za a sa wa ankwa, mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Da yawa suna cewa "Allah ya isa" da baki, hannu yana laluben adda. Idan har Allah ya isa, to ya isa. Wanda yake ganin sai ya taya shi, ya janye ƙararsa ke nan daga kotun.

Ku yi hattara kuma, ramuwa ta iya sa rigar addini. Lokacin da sarki Saul yake farautar Dawuda da mayaƙa dubu uku, ya shiga wani kogo a En-gedi don ya zaga, bai san Dawuda da mutanensa suna can ƙuryar kogon ba. Mutanen suka raɗa wa Dawuda cewa ai yau ce ranar da Ubangiji ya yi masa alkawari, ga maƙiyi ya kawo kansa. Da sunan Allah suka zuga shi. Dawuda ya lallaɓa ya yanki gefen rigar Saul kawai, wannan ɗin ma sai da zuciyarsa ta dame shi, ya hana kowa taɓa sarkin, ya bar shari'arsu ga Ubangiji. Samun dama daban, izinin Allah daban. Duk ranar da wani ya tsaya gabanku da aya a baki yana nuna muku unguwar da za a ƙona, ku san muryar mutanen kogo ce.

Idan kuna son ganin abin da ramuwa take haifarwa, ba sai kun je wata ƙasa ba. Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000 da 2002, Jos a 2001 da 2008 da 2010, Yelwan Shendam a 2004, rikicin bayan zaɓe a 2011: kowane ɓangare yana da gawar da yake nunawa ya ce ga dalilina. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 an kai harin bam a majami'u uku, biyu a Zariya ɗaya a Kaduna. Mugunta ce marar uzuri. Amma kafin rana ta faɗi wasu matasa sun tare hanyar Kaduna zuwa Abuja suna fito da matafiya daga mota. Waɗanda suka shirya harin ba sa cikin motocin nan, su Malkus ne a ciki. Daga nan ɗaya ɓangaren ma ya tashi, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, gwauraye da marayu suka ƙaru a kowane gefe. Abin da maharan suke nema ke nan tun farko, aka kuwa yi musu aikin kyauta.

Tun bayan rikicin 2000 mutanen Kaduna suka yi ta sayar da gidaje suna ƙaura, har kogin Kaduna ya zama iyaka: Kiristoci suka tattaru a su Sabon Tasha da Narayi, Musulmi a su Tudun Wada da Rigasa. Yau akwai saurayi mai shekara ashirin da bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, duk abin da ya sani game da su a waya ya gani. Irinsa ne ya fi arhar haya ranar zaɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku lissafa, cikin waɗanda aka binne a rikice-rikicen nan, 'ya'yan masu zuga nawa ne?

Akwai wanda ya bi hanyar takobi har ƙarshenta, ya dawo ya ba da labari. Fasto James Wuye jagora ne a cikin matasan Kirista masu ɗaukar makami a Kaduna, a rikicin 1992 kuma aka sare masa hannun dama. A ɗaya gefen akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda a rikicin nan ya rasa malaminsa da danginsa biyu. A 1995 wani da ya san su duka ya haɗa su, suka fara aikin sulhu tare. Amma Wuye ya sha faɗa da bakinsa cewa ya daɗe yana tafiya da Ashafa, suna sauka masauki ɗaya, zuciyarsa tana raya masa ya danne shi da matashin kai ya rama hannunsa. Baki yana wa'azin salama, ciki yana riƙe da bashi. Abin da ya karya shi magana ce da wani fasto ya gaya masa, cewa ba zai yiwu ya yi wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya ba. Babu wanda ya mayar masa da hannunsa, babu wanda ya biya shi diyya. Ya dai kai bashin gaban Allah ya ajiye.

Cibiyar sulhu da suka kafa ta taimaka wajen haɗa shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002. Takardar ba ta hana rikicin da ya ɓarke bayan wata uku ba, wannan ma darasi ne, amma Wuye da Ashafa ba su ajiye aikin ba: sun shiga tsakani a Yelwan Shendam har aka yi sulhu a 2005, an kuma gayyace su Kenya bayan rikicin zaɓen 2007. Ba ɗayansu da ya bar addininsa, kowa yana kan imaninsa, sai dai kowa ya sauke haƙƙin ramuwa a gaban Ubangijinsa. Hannu ɗaya da aka miƙa wa Allah ya yi aikin da hannu biyu da adda ba su yi ba.

Ku kuma dubi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda kuka fi sani da EYN. A Garkida aka fara ta ranar 17 ga Maris 1923, da sujada a gindin wata tsamiya, ta hannun Stover Kulp da Albert Helser. Uwar ikilisiyar, wadda aka kafa a Jamus a 1708, tana cikin waɗanda tun asali suka ƙi yaƙi, kuma har yau 'Yan'uwa sukan durƙusa su wanke wa juna ƙafa a lokacin jibi. Wannan koyarwa ta sha jarrabawar wuta. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne. A ƙarshen Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos. An ƙone ɗaruruwan majami'unsu, an kashe dubban mutanensu. Idan akwai masu hujjar kafa rundunar ramuwa a ƙasar nan, su ne.

Ba su kafa ba. Suka yi azumi da addu'a, suka buɗe tarukan warkar da zukatan waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, suka raba hatsi ga 'yan gudun hijira. Dakta Rebecca Dali, matar shugaban ikilisiyar na lokacin, ita ma gudu ta yi ta bar gida, amma ƙungiyar da ta kafa ta ci gaba da tallafa wa gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi. A Gurku cikin jihar Nasarawa, wani ma'aikacin ikilisiyar, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsuguni inda Kirista da Musulmi da rikicin ya koro suke zaune gida kusa da gida. Ba mala'iku ba ne, su ma sun yi kuka, sun yi irin tambayarku. Amma shekara casa'in ana koya musu durƙuso, ranar da masifa ta zo gwiwa ta riga ta saba.

Daga cikinsu Rabaran Lawan Andimi ya fito, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. A farkon Janairun 2020 aka kama shi a wani hari da aka kai garin, bayan 'yan kwanaki masu riƙe da shi suka saki bidiyonsa. Abin da ya fi ba masu kallo mamaki shi ne natsuwarsa. Ya roƙi shugabannin ikilisiya da gwamnan Adamawa su yi ƙoƙarin ceto shi, bai ɓoye cewa yana son komawa wurin matarsa da 'ya'yansa ba. Sa'an nan ya ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya sami kansa a hannun Allah yake, idan kuma bai sami komawa ba kada a yi kuka, a gode wa Allah, a kula masa da yaran. Bai zagi kowa ba, bai bar wasiyyar a rama masa ba. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. Addu'ar Gatsemani ce da ɓangarorinta biyu, roƙon mafita da barin hukunci ga Uba, a bakin mutumin zamaninmu da ƙasarmu.

Ba zan yi muku alkawarin da Ubangiji bai yi ba. Miƙa kai ga Allah ba laya ba ce da ke hana harsashi shiga. An jajjefe Istifanas yana roƙa wa majefansa gafara, duwatsun ba su tsaya ba. Sai dai a wurin akwai wani saurayi mai gadin rigunansu, shi ne daga baya ya zama Bulus, wanda ya rubuta wa Filibiyawa daga kurkuku game da salamar Allah da hankali ba ya iya aunawa. Galibin muguntar da mutum yake yi wa ɗan'uwansa, tsoro ne ke tura shi: kada a riga shi, kada a ƙwace masa, kada a shafe ƙabilarsa. Wanda ya gaskata Almasihu ya mutu ya tashi, ransa kuma yana ajiye a hannun da ba a iya fizgewa, wannan tsoro ya rasa igiyar jan sa. Ya kuma san shi kansa mai laifi ne da aka yafe wa. Wanda aka yafe wa babban bashi, da wane ido zai shaƙe wanda yake bi ƙarami?

Yanzu ga abin yi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ba wanda zai iya miƙa wa Allah jinin ɗan'uwansa idan bai saba miƙa masa ƙananan abubuwa ba. Sakamakon JAMB ya fito, makin ya kai, amma sunanki bai fito a cikin waɗanda aka ɗauka ba. Ka gama bautar ƙasa, ka yi ta yawo da takardu ofis-ofis, aikin ya tafi wurin ɗan wane. Yarinyar da ka daɗe kana nema, wani ya riga ka kai sadaki. Baba ya rasu, baffa ya taka gonar gado. A kowanne akwai abin da ya kamata ka yi: ka sake nema, ka koyi sana'a, ka kai magana gaban dattawa ko kotu. Akwai kuma abin da ya kamata ka sauke, wato nacin cewa lalle sai yadda ka tsara, a lokacin da ka tsara.

Wayar da ke hannunku ita ce filin jarrabawa mafi kusa. Dare ya yi, kana kwance, saƙo ya shigo zauren WhatsApp na zumunta: hoton gawarwaki, ba sunan gari, ba kwanan wata, a ƙasa an rubuta duk Kirista na gaske ya tura wa mutum goma. Jini ya hau, babban yatsa ya riga ya kai kan alamar turawa. A wannan daƙiƙar ake gane wa ke mulkin zuciyar. Ajiye wayar. Tambayi kanka wa ya ɗauki hoton, a ina, yaushe, kuma wa zai ci riba idan unguwarku ta kama da wuta gobe. Sau da yawa hoton tsoho ne, ko na wata ƙasa. Ko da gaskiya ne, kai shi wurin fasto ko dattijon da zai iya kiran hukuma, kai kuma ka durƙusa ka gaya wa Allah duk abin da ke ranka, har da wanda kake jin kunyar faɗa. Yatsan da ya jira safiya yana iya ceton mutanen da ba zai taɓa sanin sunansu ba.

Ku gyara cikin gida ma. Abin kunya ne mu riƙa neman salama da na waje alhali a ikilisiya ana gaba a kan zaɓen dattawa, ana raba benci bisa ƙabila, mawaƙa biyu sun shekara ba sa gaisawa saboda wa zai ja waƙa. Ubangiji ya koyar cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Idan kuna yin Addu'ar Ubangiji kada ku yi ta da gudu, ku tsaya a kan roƙon da ya shafi nufin Allah, da wanda ya ɗaure gafararku da gafarar da kuke yi wa wasu, ku sa sunan mutum a wurin. Wanda ya fi ɓata maka rai, ka ambace shi gaban Allah kowace safiya ka roƙa masa alheri. Da farko harshe zai yi nauyi. Ka ci gaba.

Sa'an nan ku haye titi. Maƙwabcinku Musulmi ya yi rashi, ku je gaisuwa. An yi masa haihuwa, ku je barka. Ranar Kirsimeti ku aika da kwano, ranar sallah ku karɓi nasa da godiya. Bangaskiyarku ce take aiken ku, ba za ta ragu ba. Ku tuna a watan Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, wani tsohon limami mai suna Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane sama da ɗari biyu, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa a ƙauyen Nghar, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Da wani ya tare irin wannan dattijo a hanya da sunan ramuwa, wa ya yi wa aiki? Allah yana da masu tsoronsa a inda ba ku zata ba, kuma ba za ku san su ba muddin ba ku taɓa gaisawa ba.

'Ya'yana, nan da 'yan shekaru ku ne fastoci, ku ne shugabannin zumuntar mata, ku ne kansiloli da 'yan sanda da malaman makaranta, ku ne iyayen da yaro zai tambaya wa ya kashe kakansa. Amsar da za ku ba shi tun yanzu kuke shirya ta. Kuna iya miƙa masa adda da jerin sunaye, shi ma ya miƙa wa nasa ɗan. Kuna kuma iya gaya masa gaskiyar abin da ya faru ba ragi, ku nemi adalci ta hanyar da Allah ya yarda, ku sanar da shi cewa shari'ar tana gaban Alƙalin da ba ya karɓar toshiyar baki, ba ya mantuwa, ba ya kuma kama wani a madadin wani. Wannan hanya ta biyu ita ce ta Ubangijinku, ita ce kuma ta fi bukatar jarumta. Ku zaɓe ta tun kuna da ƙarfi, tun ranar gwaji ba ta zo ba. Allah ya tsare zukatanku, ya ba ku haƙuri marar tsoro da ƙarfin hali marar ƙiyayya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.